Wai kada sai a babban kogi?

Mutane da yawa sun ɗauka kada sai a manyan koguna yake rayuwa, kuma wai suna nan birjik ba za su taɓa ƙarewa ba. Wallahi ba haka bane. Har cikin Sahara akwai kadoji, a Ennedi ta Chadi da tafkunan duwatsun Muritaniya, su na Muritaniya ma in ruwa ya ƙafe sai su shige rami ko kogo su lafe har damina ta dawo.

Maganar yawa kuwa, na Nilu da na ruwan gishiri ne da sauƙi. Amma na Filifin, na Kuba, na kogin Orinoco a Kudancin Amurka da mai siririn baki na Afirka duk ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, farautar fata da ragar masunta da lalata musu wurin ƙwai sun ci su sosai, abin da ciwo gaskiya.