Mene ne "kombo" da garkuwar farfela a cinikin ƙananan jirage marasa matuƙi?

Duk wanda ya leƙa tallar ƙaramin jirgi maras matuƙi, wanda matasa ke kira duron, a WhatsApp ko Facebook, zai tarar da farashi biyu: na jirgin shi kaɗai, da na "kombo". A hoton kombon an baje batir uku, jaka, caja, farfela, wani lokaci har da wasu zobba na roba da ake kira garkuwar farfela. A nan Maraɗi masu ɗaukar hoton biki da suna su suka fi yawan tambayar ko kuɗin da aka ɗora a kai ya cancanta.

Kombo dai ƙunshi ne: jirgin da kayan rakiyarsa a kwali ɗaya, a kan kuɗin da bai kai na sayensu ɗaiɗai ba. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, shi ya yaɗa wannan salo da sunan Fly More Combo, sauran kamfanoni suka bi sahu. Da ya fitar da Mavic Mini a 2019, jirgin kaɗai dalar Amurka 399 ne, kombon kuma 499. Wannan ƙarin ɗarin ya kawo batir biyu bayan na asali, da mazaunin caji mai ɗaukar uku, da jaka, da ƙarin farfela, da garkuwa. Shekara guda bayan haka Mini 2 ya fito a kan 449, kombonsa 599, kuma babu garkuwa a ciki. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, kayan ciki daban. Don haka idan mai shago ya ce maka "Alhaji, kombo ne fa", bai gaya maka komai ba tukuna, sai an buɗe kwali an ƙirga.

Ita garkuwar farfela kewaye ce ta roba mara nauyi da ake maƙalawa a hannayen jirgin, aikinta irin na ragar da ke rufe fankar tebur. Jirgin yana da farfela huɗu, biyu na juyawa dama, biyu hagu, kowace tana juyi dubbai a minti ɗaya. Roba ce siririya, amma a wannan gudun tana tsaga yatsa, ido kuwa ba a magana. Garkuwar iri biyu ce. Akwai mai tsare gefe kawai, kamar wadda ke zuwa da Tello, ɗan jirgin koyo mai nauyin giram 80. Akwai kuma mai rufe farfelar sosai, irin ta DJI Neo na 2024 da DJI Flip na 2025, waɗanda da garkuwarsu aka ƙera su.

Abin da mutane da yawa suka ɗauka shi ne garkuwa inshorar jirgi ce. A ganina ta fi kare mutane fiye da jirgin. Idan ya goga bango ko ƙofar zaure a hankali, garkuwar ce za ta bugu, farfela ta ci gaba da juyi, jirgin ya ja baya bai faɗi ba. Idan ya nufi fuskar yaro, ita ce tsakaninsu. Nan amfaninta ya tsaya. Jirgin da ya faɗo daga saman bene, kyamararsa da ɗan hannun da ke daidaita ta su ke fara lalacewa, su ne mafi tsada, kuma garkuwa ba ta kai gare su ba. Siririn reshen dogon yaro ko ƙayar aduwa kan kutsa ta saman mai tsare gefe. Wani lokaci ma zoben ne ke saƙalewa a reshe ko wayar wuta, jirgin ya rataye can sama, a koma neman gora.

Ɗaukarta kuma ba kyauta ba ne. Tana ƙara nauyi, tana ba iska wurin kamawa, injuna su ƙara wahala, batir ya ƙare da wuri. A Neo, da aka tsara shi da ita tun farko, kamfanin ya rubuta kusan minti 18 ba garkuwa, 17 da ita. A jirgin da daga baya ake ɗora masa, asarar ta fi haka. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Mini 2 an ce yana jure iskar da ta kai mita 10.5 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 38 a awa, amma ba da garkuwa aka auna ba. Ka ɗora masa ita ranar da iskar hunturu ke kaɗawa a watan Janairu, ko gab da hadarin farkon damina, ka tura shi gefen Gulbi: tafiya da iska a bayansa za ta yi daɗi, dawowar ce abin ji. A fili, nesa da mutane, a cire ta. A cikin ɗakin taro, tsakar gida, ko hannun mai koyo, a sa ta.

Garkuwa ba lasisi ba ce ta shawagi a kan taron jama'a. Ranar hawan salla ko a filin kokowa, ƙarar jirgin kaɗai ta isa ta firgita doki, garkuwa kuwa ba ta rage ƙara.

Akwai batun giram 249 da ake bugawa a jikin jiragen Mini. An tsayar da nauyin a nan ne saboda a Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai jirgin da bai kai giram 250 ba yana samun sassaucin doka. Da an ɗora garkuwa, ya haye layin. Sai dai wannan sassauci na ƙasashen da suka kafa shi ne. Kada wani ya ɗauka ƙanƙantar jirginsa ta wanke shi a Nijar. Garinmu na da filin jirgi da barikin soja, ga iyaka kusa, ga halin tsaro da kowa ya sani. A nemi bayani da izini wurin hukumar kula da sufurin jiragen sama, ANAC-Niger, da jami'an tsaro tun kafin a biya kuɗin jirgin, ba bayan an karɓe shi ba.

To ina darajar kombo take? A batir. Takarda ta ce Mini 2 na yin minti 31, amma a gwajin da babu iska. A wurin aiki, da tashi da sauka da barin saura na dawowa, ka lissafa minti 20 da ƴan kai. Batir ɗaya ba zai kai ka daga ɗaurin aure zuwa kai amarya ba, cajinsa kuma ya fi lokacin tashinsa tsawo nesa ba kusa ba, balle a ɗauke wuta. Mazaunin cajin DJI yana cika su ɗaya bayan ɗaya ne, ba tare ba, yana farawa da wanda ya fi saura, don ka samu na fita da wuri. Na Mini 2 har waya yana caja daga batiran, abin da mai aiki a ƙauye zai yaba. Sannan batir ba kayan da za ka tarar a kowane shago ba ne. Na Mini 2 ba ya shiga Mini 3, na Neo ba ya shiga ko ɗaya. Kamfanonin jiragen sama suna tsaurara ɗaukar batirin litiyam, ga kuɗin aike daga Kano ko Dubai, ga duwan. Wanda ya ce bari ya sayi jirgi yanzu, batir daga baya, yakan biya fiye da ƙarin kombon.

Amma batir uku sai mai kula. Iyakar zafin da aka rubuta wa Mini 2 digiri 40 ne, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu mukan wuce nan da rana. Batirin da aka bari cikin mota a rufe, ko aka jona wa caji da zafinsa daga saukowa, kumbura yake yi. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi da wajen rabin caji. Wanda sau ɗaya a wata yake tashin jirgi don nishaɗi, batiransa tsufa za su yi a jaka, shi batir biyu ma sun ishe shi.

Sauran kayan ba su da nauyi a lissafi. Jaka na da amfani saboda ƙura, amma kowace jakar kyamara za ta yi. Abin da muka fi bukata ma ba ya cikin kwalin: shimfiɗar tashi. Farfela na tayar da rairayi ya shige injin da hannun kyamara, don haka ɗan kwali mai faɗi ko darduma a ƙasa ya fi kayan ado da yawa.

A jirage masu araha irin su E88, kombo wani abu ne daban. Za a rubuta "kaya 20", ashe an ƙirga har sukurori da igiyar caji da takardar bayani. Yawancinsu ba su da GPS, wato na'urar da ke gane wuri ta tauraron ɗan'adam ta tsayar da jirgi waje ɗaya, suna sulalewa gefe ko ba a taɓa rimot ba, shi ya sa a wurinsu garkuwa ta zama dole, ba zaɓi ba. In yaro za a saya wa, a sa masa ita tun ranar farko, a tsakar gida.

A shago, musamman in na hannu ne, a ɗora kowane batir a kan tebur mai santsi. In yana lilo ko cikinsa ya taso, ya kumbura, a mayar. A sa shi a jirgin a duba manhajar DJI Fly, tana nuna sau nawa aka yi masa caji. A tambaya ko rimot na ciki, don Neo ana sayar da shi ba rimot, kuma kombonsa ba iri ɗaya ba ne a kowace ƙasa. A buɗe ledar farfela a tabbatar akwai masu alama da marasa alama, domin kowace da injin da take hawa, in aka musanya jirgin kifewa zai yi wurin tashi. Na Mini 2 da ƴan sukurori ake ɗaure su, kuma kamfanin ya ce a sa sababbi duk lokacin da aka canza farfela, saboda haka a duba suna cikin ledar tare da ɗan sukundirebansu.