Ma'anar "mai zama ba firij" a harkar cuku da busasshen nama

A jikin wata ledar cuku za ka ga an rubuta a ajiye a firij. Wani kuma, shi ma cuku ne, an jera shi a kan kanta yana shan iska, ba wanda ya damu. Haka naman da aka yi wa gishiri: wani yana rataye makonni ba abin da ya same shi, wani kuwa yini ɗaya a waje ya isa ya kwantar da mutum a asibiti. Rukunin farko shi ake kira abinci mai zama ba firij, kuma a wurin masu binciken lafiyar abinci ma'anar kalmar a taƙaice take: abincin da ƙwayoyin cuta masu sa rashin lafiya ba za su iya hayayyafa ko fitar da guba a cikinsa ba, ko da an bar shi a yanayin ɗaki. Iyakarta ke nan. Kalmar ba ta yi alkawarin cewa ɗanɗanon zai dawwama ba, ba ta kuma ce babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki ba. Yawancin kurakuran masu saye da masu sayarwa daga ɗora wa kalmar abin da ba ta ɗauka ba suke tasowa.

Abin da ke raba rukunan biyu ruwa ne, sai dai ba yawansa kaɗai ba. Ƙwayar cuta tana buƙatar sakakken ruwa, wanda za ta iya zuƙa. Gishiri yana kama ruwa ya riƙe, don haka abinci na iya zama da danshi a hannu amma ƙwayar cuta ta rasa abin sha a cikinsa. Ana auna wannan sakakken ruwa da ma'aunin da ake rubutawa aw, daga 0 zuwa 1. Tsantsar ruwa 1.0 ne, ɗanyen nama kusan 0.99. Wani masani ɗan Ostireliya, William James Scott, shi ya nuna a shekarun 1950 cewa wannan adadi ne ke faɗin ko ƙwayar cuta za ta yaɗu. Kowace ƙwaya tana da inda ƙarfinta ya ƙare. Salmonella tana tsayawa wajen 0.94. Listeria tana kaiwa 0.92. Mai taurin kai a cikinsu ita ce Staphylococcus aureus, wadda take zama a hanci da fatar mutane lafiyayyu, tana iya ƙaruwa har wajen 0.86, kuma gubarta ba ta mutuwa da dafuwa. Saboda ita ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja layi a 0.85. Fumfuna kuwa ta fi su duka haƙuri da bushewa, shi ya sa take fitowa a kan abin da ba ya sa cuta.

Na biyu shi ne tsami, wanda ake aunawa da ma'aunin pH: gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon ƙarfin tsamin. Madara sabuwar tatsa tana wajen 6.7. Iyakar da aka fi kulawa da ita 4.6 ce, domin ƙasa da haka Clostridium botulinum ba ta iya fitar da gubarta mai shanye jiki. Cuku da nama kaɗan ne suke kai wa wannan tsami, kaɗan ne kuma suke bushewa har 0.85. Abin da ke tsare su haɗin gwiwa ne: ɗan tsami, ɗan gishiri, ɗan bushewa, da ƙwayoyi masu amfani da suka riga suka mamaye wurin. Lothar Leistner, masanin nama ɗan Jamus, ya kwatanta abin da shingaye a jere, kowanne bai kai tsayin da zai tare ƙwaya shi kaɗai ba, amma tsallake su duka ya fi ƙarfinta. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta sa wa wannan adadi: abinci ba ya ba Listeria damar yaɗuwa idan pH ɗinsa bai wuce 4.4 ba, ko aw bai wuce 0.92 ba, ko kuma pH bai wuce 5.0 ba a lokacin da aw bai wuce 0.94 ba.

Idan aka ɗora cuku a kan wannan sikeli, sai ya rabu da kansa. Parmigiano Reggiano na Italiya, wanda dunƙulensa ɗaya kan kai kilo 40, ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla wata 12 a ɗakin ajiya, ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari. Cheddar, a ƙa'idar Amurka, ruwansa ba ya wuce kashi 39, yana kuma da tsami wajen 5.2. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce irin waɗannan masu tauri ba sa buƙatar firij domin kare lafiya, ko da yake sun fi daɗewa a cikinsa. A ɗaya gefen akwai mozzarella sabuwa, ricotta, cukun shafawa a burodi da duk wani farin cuku mai laushi da bai kwana biyu ba. Rabin nauyinsu ko fiye ruwa ne, gishirinsu kaɗan. Waɗannan hukuncinsu hukuncin madara ne.

Inda ya kamata a tsaya a lura shi ne masu farin ɓawo irin Brie da Camembert na Faransa, domin suna yaudarar har wanda ya san aikin. Ana fara su da tsami sosai, wajen 4.6, kai ka ce sun tsira. Amma farar fumfunar da aka shuka musu da gangan tana cinye tsamin daga waje zuwa ciki, har pH a kusa da ɓawo ya hau zuwa wajen 7. Wato gwargwadon nunar cukun da daɗinsa, gwargwadon buɗe ƙofarsa ga Listeria. Ita kuma Listeria ba ta tsoron sanyi, tana ci gaba da ƙaruwa a hankali har kusa da digiri 0, tana jure gishiri har kashi 10 cikin ɗari. A 1985, wani farin cuku mai laushi ya jawo annobarta a Los Anjeles, mutum 142 suka kamu, 48 suka rasu, da yawansu jarirai ne da 'yan tayi. Mai juna biyu, tsoho da mai raunin garkuwar jiki su ne take fi kayarwa, kuma cukun da ke ɗauke da ita ba ya sauya wari ko launi.

A nama ruɗanin ya fi yawa, domin suna ɗaya ake kiran abubuwa biyu da shi. Yi wa nama gishiri daban, busar da shi daban. Bresaola ta Italiya da pastirma ta Turkiyya, dukansu naman sa, da salami mai tauri, wato busasshen sosej mai kama da sanda, an yi musu gishiri an kuma busar. Mai yin salami kan zuba gishiri kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin naman, wato giram 25 zuwa 30 a kowane kilo, ya ƙara gishirin nitrait, ya sa ƙwayoyin tsami da ɗan sukari su ci. Cikin kwana biyu zuwa uku ake so pH ya sauko 5.3 ko ƙasa, kafin Staphylococcus ta samu sarari. Daga nan a rataye shi a ɗaki mai sanyin digiri 12 zuwa 15, danshin iska kashi 75 zuwa 80, har ya zubar da kashi 30 zuwa 40 na nauyinsa. Sikeli ne alƙali a nan: sandar da ta shiga da giram 1,000 ba ta gama ba sai ta dawo wajen 650. Nitrait ɗin kuwa domin botulinum ake sa shi, tunda cikin sosej babu iska, kuma rashin iska take so. Sunan cutar da take jawowa ma, botulism, daga kalmar Latin ta sosej aka samo shi. Ana auna nitrait ɗin da sikelin giram, ba da cokali ba, domin shi kansa guba ne idan ya yi yawa. Haɗin da aka saba sayarwa kashi 6.25 ne kawai nitrait, saura gishiri.

Aikin kan ɓaci idan iskar ɗakin ta bushe da yawa ko fanka ta yi ƙarfi. Bayan sandar sai ya ƙafe da wuri ya zama kamar fata, ya kulle ruwan ciki. A hannu za ka ji ta da tauri, ka ɗauka ta gama. Yanka ta ka duba: zobe mai duhu a gefe, tsakiya kuwa laushi, launin ya koɗe zuwa toka-toka, wani lokaci da rami da wari mai hawa kai. Wannan ba ta zama ba firij, ba ta ma cancanci a sayar ba.

Ɗaya rukunin shi ne naman da aka yi wa gishiri da nitrait aka dafa ko aka yi masa hayaƙi ba tare da busarwa ba: mortadella, poloni, sosej mai laushi, yankakken naman da ake sa wa a burodi. Jan launinsa da gishirinsa kan sa a zaci ya tsaru, alhali aw ɗinsa na wajen 0.97. Dafuwar ma ta kashe ƙwayoyin da za su yi gogayya da Listeria, don haka idan ta faɗa masa bayan an dafa, fili ta samu. Annobar Listeria mafi girma da aka taɓa rubutawa, ta Afirka ta Kudu a 2017 zuwa 2018, daga poloni ta fito: fiye da mutum 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu. Duk naman da yake lanƙwasuwa da sauƙi, yake da danshi a fuskar yanka, wurinsa firij ne daga masana'anta har faranti.

Busasshen ma yana da iyakarsa. Bushewa tana hana ƙwaya yaɗuwa, amma ba lallai ta kashe wadda ta riga ta shiga ba. A 1994 busasshen salami ya sa wa mutane E. coli O157:H7 a jihohin Washinton da Kalifoniya, domin ƙwayoyi kaɗan daga irin wannan sun isa su sa ciwo. Firij ba zai yi maganin wannan ba, tsabtar naman tun farko da matakin kashe ƙwaya a masana'anta ne maganinsa.

Ga mai sayarwa, abin da ya fi muhimmanci shi ne wuƙa tana sauya hukunci. Salami cikakke da ba a yanka ba, ma'aikatar noma ta Amurka ta ba shi mako 6 a ɗakin ajiya. Da zarar an yanka, firij, kuma mako 3. Ɓawo da fata su ne garkuwa. Yanka yana buɗe fuska mai danshi, injin yanka kuma yana kwaso abin da ke kan naman da ya gabata ya shafa wa na baya, shi ya sa ake kwance shi a wanke aƙalla duk bayan awa 4 na aiki. Gurzajjen cuku ma haka, fuskarsa ta ninka sau da yawa, sai dai irin busasshen nan da aka sarrafa domin zaman kanta. Duk abin da ke buƙatar sanyi a riƙe shi a digiri 5 ko ƙasa, a kuma auna da ma'aunin zafi da aka sa a tsakiyar firij, kada a dogara da lambar da ke jikin makunni. Idan ya fita, awa 2 ne iyakarsa, awa 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32. Idan mai sarrafawa ya rubuta a ajiye a firij, a bi maganarsa ko da abin ya yi kama da mai tauri, domin shi ya auna aw da pH, ido bai auna ba. Ledar da aka zuƙe wa iska kuma ba ta maye gurbin sanyi: tana hana fumfuna, amma tana ba botulinum irin muhallin da take nema idan abin da ke ciki mai danshi ne.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Yanayin ɗaki da waɗannan ƙa'idoji ke nufi wajen digiri 20 zuwa 25 ne. Ɗakunan da ake nunar da cuku ma sun fi haka sanyi, galibi 10 zuwa 15. Idan zafi ya kai 30, cuku mai tauri zai fara zufar mai, ɗigo-ɗigo a fuskarsa, ya tsage, man ya lalace ya sauya wari. Idan a leda yake ya fi muni, domin tururi kan taru a cikin ledar ya koma kan cukun, sai fuskar da take a bushe ta jiƙe, fumfuna ta samu wurin zama. Saboda haka a nannaɗe shi da takarda mai ɗan numfashi kafin a sa a mazubi, a ajiye a aljihun kayan lambu na firij. Idan an buɗe, mai tauri kan yi mako 3 zuwa 4, mai laushi kusan mako 1, yankakken dafaffen nama kwana 3 zuwa 5.

Fumfuna ita ma ruwan abinci take bi. A kan cuku mai tauri saiwarta ba ta nisa, don haka a yanke aƙalla santimita 2.5 a kewaye da ƙarƙashin tabon, kada wuƙar ta taɓa shi, a sake nannaɗewa da sabuwar takarda. Farar ƙurar da ke bayan busasshen salami yawanci da gangan aka sa ta, ana gogewa ko a ɓare fatar. A cuku mai laushi, gurzajje, ko yankakken nama mai danshi, abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ya shiga ciki, sai a zubar da shi gaba ɗaya. Haka idan fuskar nama ta fara yauƙi ko ledar ta kumbura, kuma kada a ɗanɗana domin a gwada.