Lambun Gida Daga Iri, Ba Takin Zamani Ba Feshin Guba: Tambayoyi da Amsoshi

Mai son ya ci ganyen da ya san abin da aka zuba masa, a tsakar gida ne ko a ɗan fili bakin fadama, waɗannan su ne tambayoyin da ya fi cin karo da su.

Da wane iri ya kamata sabon shiga ya fara?

Alayyafo, kuɓewa, rama da yakuwa. Sun san zafin ƙasarmu, ba su da shagwaɓa, kuma alayyafo cikin mako 4 zuwa 5 an fara yanka. Tumatir da kabeji a bari sai hannu ya faɗa.

In na matse tumatirin kasuwa na shanya 'ya'yan, zai yi?

Zai tsiro, amma ba lallai ya haifi irin wanda ka saya ba. Yawancin manyan tumatirin da ake gani masu tauri daga irin aure suke, wanda ake rubuta F1 a jikin gwangwaninsa ko ledarsa. Shukar farko ce take bayar da abin da aka yi alkawari. 'Ya'yanta kuwa sai su rarrabu, wani gajere, wani dogo, wani ba ya haihuwar kirki. Irin da ake iya ajiyewa shekara bayan shekara shi ne na gado, kamar jar albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar, wadda manoma suka daɗe suna cire irinta da kansu.

A wajen cirewa ma akwai ƙa'ida. Ka zaɓi shukar da ta fi lafiya, ka bar ɗanta ya nuna sarai. Tumatir a matse shi cikin kwano a bar shi kwana 2 ko 3 ya yi tsami, yauƙin ya saki, sannan a wanke a shanya a inuwa. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwarta. Albasa kuwa sai an sake binne kanta ta yi fure. Kuma irinta ba ya jimiri: bayan shekara guda ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, alhali na tumatir yakan kai shekara 3 ko 4 in an rufe shi a kwalba wuri mai sanyi. Duk irin da kake shakka, ɗauki ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle na mako guda. In ƙasa da 7 suka tsaga, ka ƙara yawan yafi ko ka nemi wani.

Wanne ake reno, wanne ake shukawa kai tsaye?

Tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, kabeji da latas ana renonsu kafin a dasa. Karas, kuɓewa, kokwamba da kankana ba sa son a taɓa saiwarsu, inda aka shuka nan za su zauna.

Gadon reno shi ne inda nake ganin ya fi cancanta a ɓata lokaci, domin dashen da ya taso a wahale ba ya murmurewa ko da an ba shi taki daga baya. A cakuɗa ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki, a tankaɗe. A ja layi da yatsa, kada zurfin ya wuce santimita 1, a yafa da tazara, a rufe da busasshiyar ciyawa. Da zarar ya ɓullo a ɗauke ciyawar, in ba haka ba sai ya yi tsawo ya rame yana neman rana. Tumatir yakan isa dashe a mako 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, albasa kuwa mako 6 zuwa 8. Saura kwanaki kaɗan a cire, a rage masa ruwa ya yi ƙwari. Dashe da yamma ake yi.

Renona ya fito da kyau, sai na ga yana kwanciya yana mutuwa. Me ya jawo?

Duba gindinsa, za ka ga ya tsuke ya yi baƙi daidai bakin ƙasa. Cutar ruɓar gindi ce, kuma cunkoso da yawan ruwa ne suke kiranta. A tuge waɗanda suka kamu, a sassauta sauran, a koma ban ruwa da safe kaɗai.

Ai kashin dabbobi duk taki ne, ko?

Sai ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen na shanu yana zuwa da irin ciyawa da gwazarma, kuma yana sa karas ya yi rassa. Ga shi latas ɗanye ake cinsa, ɗanyen kashi kuwa yana ɗauke da cuta. A haƙa rami ko a yi tsibi: busasshen ganye da kara, sai kashi, sai ɗan toka, a yayyafa ruwa, a sake jerawa. A riƙa juyawa duk mako 2. A wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, zafinsa ya tafi, warinsa ya koma na ƙasa.

Takin bola kuwa ina jan kunne a kansa. Bolar yau cike take da leda, fasassun kwalabe da matattun batura, kuma gubar batir ba ta ruɓewa. Haka ruwan kwata, bai dace da ganyen da yara za su ci ba.

Yaushe ake farawa?

Tumatir, albasa, kabeji, latas da karas 'yan hunturu ne. A yi reno wajen Satumba zuwa Oktoba, su girma cikin sanyi. In zafin bazara ya haura digiri 35, furen tumatir zubewa yake yi. Kuɓewa, rama da yakuwa kuwa damina ce tasu.

Ƙwari fa? Darbejiya tana maganin komai?

Ba ta yi, kuma gara a faɗi gaskiya. Tana aiki sosai a kan darɓa (ƙananan ƙwarin da suke tsotse ruwan ganye), farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi. A daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a saka ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Rana tana kashe ƙarfinta, don haka sai an maimaita duk mako. Ba ta kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa take yi, shi ya sa wanda ya jira sai ɓarna ta yi nisa yake cewa ba ta aiki.

Sharon, tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, cikin ganye take shiga ta ɓuya, feshi bai cika isa gare ta ba. A ƙaramin lambu abin yi shi ne zagaye kullum, a tsinke duk ganyen da ya yi farin zane a ƙone, a kuma ƙone karan bayan girbi. Kada a maimaita tumatir, tattasai, attaruhu ko gauta a fangali ɗaya a jere, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. In ka tuge shuka ka ga saiwarta ta yi ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Sa albasa ko masara a wurin a zagaye na gaba.

Gidan haya nake, ko'ina siminti. Akwai dabara?

Akwai. Buhun shinkafa ko tsohon bokiti, a huda gindinsa ruwa ya riƙa fita, a cika da ƙasa kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Buhu ɗaya ya ishi tumatir ko attaruhu ɗaya, alayyafo kuwa da yawa. A ajiye inda rana za ta same shi aƙalla awa 6, a rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko ciyawa don ta riƙe laima, a kuma yi masa shinge saboda kaji da awaki.