Su waye 'yan kamun ƙafa, me ya sa ake hana su ba ɗan takara kuɗi?

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Soro wani ƙanena ya ce yaya wai menene lobiyis ɗin nan da ake ta faɗa a labaran Amurka, na ce masa ai kamun ƙafa ne da ka sani, sai dai su can sana'a ce mai ofis da albashi. Kamfanin magani ko na mai zai ɗauki mutum ya biya shi, aikinsa kawai zarya wajen 'yan majalisa yana lallaɓa su a yi doka yadda za ta yi wa kamfanin daɗi. A Washington har titi gare su, K Street, kuma tun 1995 doka ta ce dole su yi rajista su faɗi wanda suke wa aiki.

Kamun ƙafar kansa ba laifi ba ne, kowa na da damar kai kukansa. Inda abin yake ɓaci shi ne mutumin da ke neman alfarma a wurinka kuma shi ne ya zuba maka kuɗin kamfen, to ranar da buƙatarsa ta ci karo da ta talakan da ya zaɓe ka wa za ka bi? Baki ya ci dole ido ya ji kunya. Shi ya sa wasu jihohin Amurka suka hana su ba da gudummawa lokacin da majalisa ke zama, Kanada kuwa tun 2007 ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba 'yan takarar tarayya ko sisi.

Mu ma fa ba a bar mu haka ba, a shekarar 2022 dokar zaɓe ta wancan lokacin ta ce mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara sama da naira miliyan 50, dokar kamfanoni kuma ta hana kamfani ba jam'iyya kuɗi. Amma namu ɗan kamun ƙafar ba shi da rajista, Alhaji ne ɗan kwangila. Ni da idona na ga an sauke buhunan shinkafa da turamen atamfa a ƙofar gidan wani ɗan takara da daddare, babu rasit babu rubutu, kuma kowa a unguwar ya san wanda ya aiko. Bayan zaɓe shi aka ba kwalbatin layinmu, wallahi damina ɗaya ta yi ta rufta, har yau ta kan katako yaranmu ke tsallakawa zuwa Islamiyya.