Ruwa mai gudu ba ya wanke kowace ƙazanta

An daɗe ana cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe datti, wai abin da kwata ta zuba a kogin Kubanni na Zariya, kafin ya isa kogin Galma ya wanke kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙananan halittun ruwa suna cinye dattin, amma da iskar oksijin suke aikin. Da rani, idan ruwa ya ja baya datti ya yi yawa, iskar takan ƙare, ruwan ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya taso sama da asuba yana haki.

Ƙwayoyin kwalara da taifod kuwa bin ruwan suke yi, ƙwan tsutsar ciki ma yakan yi watanni a laka, har ya hau latas ɗin fadama. Shi ya sa ake tace ruwan kwata kafin a sake shi: raga ta tare leda, tanki ya kwantar da laka, sannan ruwan ya yi makonni a tafkuna marasa zurfi, rana ta kashe ƙwayoyin cutar.

Hasken ruwa ba shaida ba ne. A ɗiba a kwalba mai tsabta, a sanyaye, a kai ɗakin gwaji cikin awa 6. Ruwan sha bai kamata a samu E. coli (ƙwayar da ke nuna cewa kashi ya shiga ruwa) ko ɗaya a mililita 100 ba. Don Allah a tura wa manoman rani da masu ɗiban ruwa a rafi.