Rumfar Oktabiya a birnin Rum: ginin wa ke tsaye yau?

Wace irin rumfa ce?

Baranda ce mai ginshiƙai layi biyu, ta kewaye fili mai faɗin kusan mita 119 da tsawon mita 132, da ɗakunan bauta biyu a tsakiya, na Jupita da na Juno, allolin Rumawa. Abin da ya fi tsira yau shi ne zauren shigarta, a tsohuwar unguwar Yahudawa.

Wa ya fara gina ta?

Jarumin yaƙi Metelus, a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan ya ci Masedoniya. Daga baya Sarki Agustus ya sāke ginin tsakanin shekara ta 27 da ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya raɗa masa sunan 'yar'uwarsa Oktabiya, aka ƙara ɗakin karatu.

To zauren da ake gani na Agustus ne ke nan?

A'a, kuma nan ne akasarin baƙi ke ruɗewa. Wuta ta ci wurin a shekara ta 80 Miladiyya, ta sāke cin sa a ƙarshen ƙarni na 2. Zauren da ke tsaye gyaran Sarki Seftimiyus Seberus ne da ɗansa Karakala a 203, sunayensu ma na nan a sassaƙe a goshin ginin. Wanda ya zagaya ta baya ya ɗaga kai zai ga gutsattsarin tsofaffin ginshiƙai da aka cusa a bango maimakon sabon dutse. A ganina bayan zauren ya fi gabansa daraja, domin shi ya tona yadda magina suka yi aiki: marmara mai kyau a fuska, ragowar ginin da ya ƙone a ciki.

Me haƙar ƙasa a wurin ta ƙara bayyanawa?

Ƙasa ta taru shekaru aru-aru ta binne gindin ginin. Da aka kwashe ta aka isa daɓen zamanin Rumawa, shi ya sa mai ziyara sai ya gangara. Taswirar birnin da aka sassaƙa a marmara zamanin Seberus ita ma ta nuna tsarin filin.

Bakan jan bulo da ke gaba fa?

An gina shi daga baya a madadin ginshiƙai biyu da suka lalace. A ƙarni na 8 aka kafa cocin Sant'Angelo a jikin zauren, wurin kuma ya zama kasuwar kifi har ƙarshen ƙarni na 19. Akwai allon dutse a bangon da ke cewa duk kifin da ya fi shi tsawo, kansa na mahukuntan birni ne.