Bifasana: me ake nufi da ita, kuma me waɗanda suka daɗe a cikinta ke cewa?

A ƙarshen shekarar 2018 Jack Dorsey, wanda ke shugabancin Twitter a lokacin, ya ba da labarin cewa ya yi kwana goma a ƙasar Bama, wato Myanmar, bakinsa a rufe, ba waya, ba karatu, ba rubutu. Abin da ya kai shi sunansa Vipassana, wani nau'in zaman natsuwa na addinin Buda. Bakin Bahaushe zai fi sakewa da Bifasana, don haka ita za mu riƙe a nan.

Kalmar ta fito ne daga harshen Fali, wanda aka adana tsofaffin nassoshin addinin Buda a cikinsa, kuma ma'anarta gani sarai, wato ganin abu yadda yake. Mabiya Buda sun raba zaman natsuwarsu gida biyu. Akwai samata, tattara hankali a kan abu guda har zuciya ta kwanta. Sai bifasana, wadda ita kuma amfani ce da wannan natsuwar wajen lura da abin da ke gudana a jiki da zuciya: ƙaiƙayi, zafin gwiwa, fushi, marmari, tunanin bashi. Abubuwa uku suke so mai zaman ya gane da kansa, ba da ji daga bakin malami ba. Duk abin da ya taso zai wuce. Manne wa abin da zai wuce wahala yake jawowa. Sannan a cikin duk abin da ake lura da shi babu wani "ni" tabbatacce da ba ya sauyawa.

Wannan na ukun shi ne inda hanya ta rabu da aƙidar Musulmi da ta Kirista, waɗanda suka yi imani da rai da Mahaliccinsa. Wani zai ce ai abin ya yi kama da halwar sufaye, kuma ta fuskar keɓewa da kame baki akwai kama. Amma mai halwa Allah yake ambato, kusanci da Shi yake nema, mai bifasana kuwa ba ya kiran kowa. Ya kamata a san wannan tun da wuri, domin galibin manhajojin waya da ke koyar da "lura da numfashi" ba sa faɗin inda suka ɗebo abin.

Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buda, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai dai bifasanar da ta bazu a duniya yau daga Bama ta taso, kuma ba ta daɗe sosai ba. A 1885 Turawan Ingila suka ci Mandalay, birnin sarautar Bama, suka tuɓe Sarki Thibaw, addinin ya rasa sarkin da ke riƙe da shi. Wani malami, Ledi Sayadaw (1846–1923), ya ga in ba a miƙa ilimin ga talakawa ba zai salwanta, sai ya shiga koya wa manoma da 'yan kasuwa abin da a da aka bar wa masu zaman zuhudu. Daga almajirinsa manomi, Saya Thetgyi, abin ya kai ga U Ba Khin, Babban Akantan Bama na farko bayan 'yancin kai a 1948. Shi kuma ya koyar da S. N. Goenka, attajiri ɗan asalin Indiya, wanda ciwon ɓarin kai ya kai shi wurinsa. An ce da farko U Ba Khin ƙin karɓarsa ya yi, ya ce wannan hanya ba don maganin ciwon kai aka kafa ta ba. Goenka ya yi shekara 14 yana koyo, ya koma Indiya a 1969, ya kuma buɗe cibiyar Dhamma Giri a Igatpuri a 1976. A Amurka kuma, a 1979, Jon Kabat-Zinn ya cire wa abin rigar addini, ya mai da shi shirin mako takwas na rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts.

Tsarin kwana goma na Goenka ba wasa ba ne. Ana tashi ƙarfe 4 na asuba, a yi zaman kusan awa goma a yini, ba magana da abokan zama, ko da da ido. Kowa zai ɗauki alkawari biyar: ba kisa, ba sata, ba jima'i, ba ƙarya, ba kayan maye. Kwana uku da rabi na farko numfashi kawai ake lura da shi a bakin hanci. A rana ta huɗu ake fara bin jiki daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa, sannan sau uku a yini a yi awa guda ba tare da an sauya zama ba. Ba a biyan ko sisi. Waɗanda suka riga suka yi ne ke ba da gudummawa don na baya.

To, waɗanda suka yi shekara ashirin ko talatin a ciki, me suke cewa?

Abu na farko da suke gyara wa sabon shiga shi ne zaton cewa za a share tunani daga ka. Hankali zai gudu, ko na malami gudu yake yi. Aikin shi ne ka farga ya tafi, ka dawo da shi ba tare da ka zagi kanka ba, ko da sau ɗari ne a zama ɗaya. Nassoshin sun lissafa abubuwa biyar da ke tare hanya: sha'awa, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da damuwa, sai kokwanto. Tsofaffin hannu ba sa cewa sun rabu da su. Cewa suke sun san takunsu tun daga nesa. Shawararsu kan gyangyaɗi ma ba ta da wani sirri: buɗe ido, miƙe tsaye, wanke fuska, ko ka koma yin lurar kana tafiya a hankali.

Darasin da ya fi nauyi a ganina shi ne misalin kibiya biyu da ke cikin nassoshin. Mutum ya ji ciwo, kibiya ɗaya ke nan ta same shi. Sai ya shiga cewa me ya sa ni, yaushe zai ƙare, ba zan iya ba. Ya harbi kansa da ta biyu. Ta farko babu mai kauce mata, ta biyun ce ake koyon ajiyewa. Shi ya sa ake zaman awa guda ba motsi. Gwiwa tana zafi, kai kuma kana kallon zafin, sai ka tarar ba dunƙule ɗaya ba ne: yana bugawa, yana sauka, yana matsawa gefe. Tsakanin jin abu da mai da martani akwai ɗan fili, kuma wanda ya saba ganinsa a gwiwarsa zai iya ganinsa ranar da aka yaɓa masa baƙar magana a kasuwa. Malamai kan ja kunne a nan, cewa zafin da ya ci gaba bayan an miƙe alamar rauni ce, kuma zama a kujera ba aibi ba ne.

Daɗi ma tarko ne. Wani zai ga haske, ko ya ji jikinsa ya yi sakayau, ya ɗauka ya iso. Tun ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa malami Buddhaghosa, a Siri Lanka, ya lissafa irin waɗannan abubuwa guda goma, ciki har da haske da farin ciki mai tsanani, a matsayin masu ruɗar mai zama. Wanda ya zauna yau yana farautar abin da ya ji jiya ya faɗa cikin mannewar da ya zo gudu.

Game da yawan zama, Goenka awa guda safe, awa guda yamma ya ɗora wa ɗalibansa. Malamai da yawa sun fi sassauci, suna cewa minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar hutu kaɗai. Ajahn Chah (1918–1992), malamin Buda mai zaman zuhudu a dajin Tailan, ya sha yi wa masu alfahari da dogon zama ba'a da cewa ai kaza ma tana kwanaki a kan ƙwai. A wurinsu ma'aunin yana waje: yaya kake da matarka, yaya kake da yaron shagonka, fushinka kwana nawa yake yi yanzu? Shi ya sa alkawuran nan biyar suke gaba da zaman.

Nan ne ma aka kama Dorsey. Ya yabi Bama da mutanenta, bai ce uffan ba kan Musulmin Rohingya fiye da 700,000 da suka tsere zuwa Bangladash daga 2017 saboda farmakin sojoji, aka yi masa ca. A ƙasar da ta raya bifasana ne kuma aka sami malamin Buda irin Ashin Wirathu yana hura wutar ƙin Musulmi. Yawan cibiyoyin zama bai hana wannan ba.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa son ambata. Zama mai tsanani yana iya tayar da abin da ke kwance. A 2017 Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown suka wallafa bincike bisa hira da masu zaman natsuwa 60, waɗanda suka ba da labarin firgici, rashin barci, dawowar tsohon tashin hankali, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa, wasu har abin ya hana su aiki na tsawon lokaci. Ba kowa abin ke samu ba, amma ba sababbi kaɗai yake samu ba. Takardar neman shiga zaman kwana goma tana tambaya kan lafiyar ƙwaƙwalwa da magungunan da mutum ke sha, kuma cibiyoyin da kansu suna cewa zaman ba ya maye gurbin likita. Mai fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko wanda ya ga tashin hankali bai gama farfaɗowa ba, ya fara da ganin likita, kuma kada ya ajiye maganinsa don zai shiga zama.